Cocin Kilpeck

Cocin Kilpeck wata ƙaramar majami'a ce a ƙauyen Kilpeck, a gundumar Herefordshire da ke yammacin Ingila, kusa da iyakar Wales. Cikakken sunanta Cocin Maryamu da Dauda. An gina ta wajajen shekarar 1140, zamanin da Normawa, waɗanda suka zo daga arewacin Faransa, ke mulkin ƙasar, kuma ana danganta ginin da Hugh na Kilpeck, mai gidan sarautar da kangonsa ke nan daf da cocin har yau.

Ginin na jan dutse ne, kashi uku a jere: zauren masu ibada, sai wurin limamai, sai wani lungu mai siffar rabin da'ira a gabas, inda bagadi yake. Ba ta da hasumiya, sai ɗan wurin rataye ƙararrawa a saman bangon yamma.

Sassaƙa ce ta fito da sunan Kilpeck. Ƙofar kudu ta fi komai ɗaukar ido. A jikin ginshiƙanta macizai sun nannaɗe juna, ga mayaƙa biyu masu hula mai tsini cikin sarƙaƙiyar rassa. A saman ƙofar an sassaƙa bishiyar rai, bakan gizon da ke kewaye da ita kuma cike yake da tsuntsaye, kifaye da dodanni, da mala'ika ɗaya a tsakiya. Kusan shekara 900 ke nan ruwa da sanyi suna dukan dutsen nan, amma layukan suna nan raɗau.

A ƙarƙashin rufi, zagaye da ginin, akwai ƙananan duwatsu masu leƙowa sama da 80, kowanne da surarsa. Nan ne masassaƙan suka saki jiki: ga kare da zomo kafaɗa da kafaɗa, ga kan rago, ga mai goge, ga mutum biyu rungume da juna. Wasu surorin ba su da alaƙa da addini ko kaɗan, kuma su ne suka fi nuna yadda mutanen ƙarni na 12 ke kallon duniyarsu. A bangon yamma kawunan dodanni sun ɓullo baki buɗe, salon da masana ke dangantawa da ƙasashen arewacin Turai.

Masassaƙan suna cikin rukunin da ya yi aiki a wasu cocin yankin, kamar na Shobdon, kuma a aikinsu ana ganin tasirin yammacin Faransa da Sifen.

Ƙauyen ya durƙushe a ƙarni na 14, lokacin yunwa da babbar annobar da ta ratsa Ingila a 1349. Da jama'a suka ragu, babu mai kuɗin faɗaɗa cocin ko sauya ta zuwa sabon yayi, kamar yadda aka yi wa da yawa daga cikin takwarorinta. Shi ya sa ta iso wannan zamani kusan yadda aka gina ta. An yi mata gyare-gyare a ƙarni na 19 da na 20, kuma har yanzu ana ibada a cikinta a ƙarƙashin Cocin Ingila.