Yare biyu ba ya rikita yaro

Har yanzu a Gombe akwai iyayen da ke hana yaro Fulatanci ko Tangale a gida wai kar kansa ya rikice ya kasa Turanci, wasu firamaren ma har tara ake cin yaro in ya yi Hausa a aji, abin na damuna wallahi. In kin ji ɗanki ya ce "Inna ina son kosam", wato nono da Fulatanci, ba ruɗewa ba ce fa, kalmar da ta fi kusa da bakinsa ya ɗauko, yana girma zai rarrabe da kansa. Masu bincike sun daɗe da gano cewa yare biyu ba ya jinkirta maganar yaro. Kuma wanda ya iya haɗa baƙi da Hausa karatun Turanci ya fi zo masa da sauƙi, don ba daga farko zai faro ba.