Cip mai tura wuta ta sama a allon fitilun LED

Cip mai tura wuta ta sama shi ne wanda ake sanyawa tsakanin layin fositif da fitilun LED, yana buɗe wuta yana rufewa bisa umarnin maikrokontirola, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa allon. Ana amfani da shi a allunan lokutan sallah na masallatai da na farashin gidajen mai, irin waɗanda ake gani a Gombe da Bauchi.

Allon layi-layi ake kunna shi, ɗaya bayan ɗaya, da saurin da ido ba ya kamawa. Layi mai fitila 16, kowace na shan 20 mA, zai ja 320 mA lokaci guda, alhali ƙafar ATmega328P, maikrokontirolar da ke kan allon gwaji na Arduino Uno, iyakarta 40 mA. Sannan idan allon da 12 V yake aiki, siginar 5 V ta maikrokontirola ba ta iya kashe tiransistan PNP, wato makunnin lantarkin da ake sanyawa a layin fositif, kai tsaye. Cip ɗin yana ɗauke da abin da ke daidaita wannan a cikinsa.

Waɗanda aka fi sani su ne UDN2981 na Allegro, da TD62783 na Toshiba, da MIC2981. Kowannensu ƙofa 8 gare shi, wato mafitar wuta 8, yana jure 50 V, kuma an rubuta masa 500 mA. Wannan adadin ne ke yaudarar mutane, domin iyakar ƙofa ɗaya ce, ba duka takwas tare ba. Abin dubawa na gaskiya shi ne wutar da cip ɗin ke ci wa kansa. Ginin Darlington da ke cikinsu, wato tiransista biyu a haɗe ɗaya na tura ɗaya, yana cinye kusan 1.8 V, wato a 320 mA kusan 0.6 W ne ke komawa zafi, a cikin akwati rufaffe, a ranar watan Afrilu. Idan kuma 5 V ake ba allon, 3.2 V ta rage, wadda da ƙyar take kunna shuɗiya ko farar fitila.

Shi ya sa TBD62783A, wanda aka gina da tiransistan DMOS, ya fi dacewa da allon 5 V: cinsa kaɗan ne, kuma yana amsa siginar 3.3 V ta maikrokontirolar ESP32. Manyan allunan LED da ake kira P10 kuwa tiransistan MOSFET 4953 suke amfani da shi, tare da cip ɗin 74HC138 mai zaɓen layi.

Darlington yana da jinkiri wajen rufewa, sai a ga dishi-dishin haske a layin da ya kamata ya mutu. Maganinsa a manhaja yake: a kashe layin, a jira ƴan maikrosakan, sannan a kunna na gaba.