Allurar sankarar bakin mahaifa: me ke sa 'yan matanmu a Saudiyya ke rasa ta?

Tun shekarar 2022 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ke shiga makarantun 'yan mata tana yi wa ɗaliban ajin farko na mutawassiɗ (ƙaramar sakandare) allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa kusan duk wata sankarar bakin mahaifa. Sai dai a wasu gidajenmu na Makka, Jidda da Madina, yarinya kan rasa allurar tun kafin ranar ta zo. An nemi amincewar waliyyi, saƙon da Larabci, uwa ta ce a jira uba, uba ya ce zai tambaya, har ma'aikata su zo su tafi.

Babban abin da ke riƙe hannun iyaye shi ne kunya. Da zarar sun ji cewa ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, sai su ce 'yarmu mai tarbiyya ce, me ya haɗa ta da wannan? Amsar ita ce ba don halin yarinya ake yin allurar ba, don aurenta na gaba ake yi. Namiji na iya ɗauke da ƙwayar bai sani ba, domin galibi ba ta nuna wata alama. Mace mai kamun kai tana iya samunta daga miji ɗaya tak, musamman idan ya taɓa aure ko yana da wata matar. Idan ƙwayar ta zauna a jiki ba ta tafi ba, cutar kan yi shekara 15 zuwa 20 tana aiki a ɓoye kafin ta zama sankara, lokacin da matar ke tsakiyar renon 'ya'ya.

Allurar tana hana kamuwa ne, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi mai da hankali kan 'yan shekara 9 zuwa 14, kuma a wannan shekarun jiki ya fi haɗa garkuwa mai ƙarfi. A Ingila, binciken da aka fitar a 2021 ya nuna sankarar ta ragu da kashi 87 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka yi wa allurar suna da shekara 12 zuwa 13.

Sai jita-jitar hana haihuwa, wadda ke zuwa mana ta saƙon murya a WhatsApp daga gida. Tsohuwar magana ce, ita aka yi wa allurar shan inna a Kano a 2003. Tun 2006 ake amfani da rigakafin HPV, kuma kwamitin da ke bibiyar lafiyar alluran rigakafi na Hukumar Lafiya ta Duniya bai samu wata alaƙa tsakaninta da rashin haihuwa ba. Sankarar ce ma ke kai mace ga cire mahaifa. A Najeriya kaɗai, a 2020, ta kama mata kusan 12,000, ta kashe kusan 8,000.

Ranar allura, yarinya ta karya kumallo sosai, ta sa riga mai sakin hannu a ƙarƙashin abaya. Rabin mililita ne ake yi a tsokar damtse. Bayan an yi, ta zauna minti 15. Wannan zaman ba wasa ba ne: 'yan mata a wannan shekarun kan yi jiri ko su suma saboda tsoron allura, kuma idan ɗaya ta faɗi a gaban ƙawayenta, kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa allurar ce ta kayar da ita. Ciwon hannu, ɗan kumburi, ciwon kai ko zazzaɓi mara ƙarfi kan wuce cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Tsumma mai sanyi da farasitamol sun isa. Jinin al'ada ko 'yar mura ba sa hana allura. Zazzaɓi mai zafi ne ke sa a ɗage. Idan yarinya ta taɓa samun mummunan borin jini bayan wata allura, a faɗa wa ma'aikaciya tun kafin a fara.

Inda aka rubuta wa yarinya allura ta biyu, tazarar ba ta gaza wata shida, kuma nan ake yawan sakaci, don lokacin kan faɗo cikin jarrabawa ko dogon hutun da ake tafiya gida. Ko an makara, ba a sake farawa daga farko, sai a ɗora. Wadda aka yi wa a Najeriya, inda aka fara tsarin allura ɗaya a Oktoban 2023, a kawo katinta likita ya duba. Mai raunin garkuwar jiki kuwa tana buƙatar aƙalla biyu, uku idan da hali.

Yarinyar da ta yi fashi ranar, ko wadda ba ta zuwa makarantar da ma'aikata ke shiga, a kai ta cibiyar lafiya ta unguwa da katin rigakafinta. Ana ɗaukar lokacin ganin likita ta manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya, ana kuma iya kiran layin ma'aikatar na 937 a tambayi inda ake yi. Ku kuma iyaye mata da kuka kai shekara 30, ku nemi gwajin bakin mahaifa a wannan zuwan. Jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke, abin nuna wa likita ne a makon da aka gan shi.