Ma'anar "tallafi", da abin da ake kira tallafi alhali rance ne

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kalmar nan ba ta huta ba. A rediyo tallafi, a majalisar masu shayi ta Ƙofar Ƙaura tallafi, ɗan siyasa ya raba taliya ma tallafi.

Na mai ba ya buƙatar dogon bayani: gwamnati ce a da ke cike giɓin da ke tsakanin kuɗin shigo da fetur da farashin da ake sayar wa jama'a. Inda ake kwaɓa zancen shi ne in mai karanta labarai ya ce "Bankin Duniya ya ba Najeriya tallafin dala miliyan 800 don talakawa".

A Hausa, tallafa abu shi ne ka sa hannu a ƙarƙashinsa don kada ya faɗi, kamar yadda uwa ke tallafe kan jariri. Ɗan da gwaggo ta ɗauka ta riƙe ma ɗan tallafi ake ce masa, kuma ba a taɓa jin ya girma an kawo masa lissafin tuwon da ya ci ba. To, waccan dala miliyan 800 da Bankin ya amince da ita a Disambar 2021 rance ce. Mai sauƙi ce, ba musu: ruwanta kaɗan ne, wa'adinta shekara 30, biyar na farko ba a taɓa uwar kuɗi. Amma za a biya, kuma da kuɗin waje.

Rance kuwa da sharaɗinsa yake zuwa, kuma ta wannan ƙofa ce masu ba da shi ke shiga harkar walwalar jama'a a ƙasashe masu tasowa. Shawarar Bankin da ta Asusun Lamuni na Duniya kusan ɗaya ce tun zamanin SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida a 1986: a daina sauƙaƙa wa kowa farashi, domin mai motoci uku da mai fasa-ƙwaurin mai ta Jibiya sun fi talaka morar arahar. Daga baya aka ƙara cewa a zaɓo talakan a ba shi kuɗi a hannu. Hujjar tana da ƙarfi a takarda. Sai dai tsadar mai tana isa kowane gida ran da aka cire tallafi, kuɗin kuwa sai wanda sunansa ya fito.

Ga yadda sunan ke fitowa. Mutanen gari su zauna su faɗi su wane ne marasa ƙarfi a cikinsu, ma'aikata su bi gida-gida suna tambayar rufin ɗaki, ruwan sha da dabbobi, sannan a shigar da gidan cikin rajistar ƙasa ta marasa galihu. A da naira 5,000 ce a wata, ana biya 10,000 duk wata biyu. A Oktoban 2023 aka ƙaddamar da naira 25,000 a wata har wata uku, ga gidaje miliyan 15, amma sai an haɗa suna da lambar NIN da asusun da kuɗin zai faɗa. Nan ake zubar da mutane. Mace an rubuta ta Kulu a rajista, katinta na ɗauke da Hauwa'u, kwamfuta ta ce mutum biyu ne. Wata an yi mata rajista a ƙauyen Batsari, 'yan bindiga sun koro ta cikin Katsina, masu tantancewa suka je ba su same ta ba. Asusun ma na mijinta ne.

Ko dala miliyan 322 ta Abacha da Suwizalan ta maido a 2017, aka raba ta wannan hanya Bankin na sa ido, an kira ta tallafi. Wannan kam kuɗinmu ne suka dawo gida.

Sai a duba lissafin rancen. A Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, wato bashin ya kai naira biliyan 368. Da aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, abin da masu ba da rancen suka daɗe suna nema, dala ta haura 1,500 a 2024, bashin ya zama tiriliyan 1.2 ba tare da an ƙaro ko sisi ba. Daga baitulmali za a biya shi, har da harajin kashi 7.5 da Kulu ke bayarwa duk ran da ta sa katin waya don ta tambayi ko sunanta ya fito.