Ƙarin zuciya da bugun zuciya

Ƙarin zuciya tsiro ne na tsoka da ke fitowa a cikin ɗakunan zuciya, ko a jikin bangonta, ko a kan ƙyauren da ke tsare kwararar jini. Yana cikin abubuwan da ba kasafai suke haddasa bugun zuciya ba, wato mutuwar wani ɓangare na tsokar zuciya saboda rashin jini, domin galibin masu bugun zuciya kitse ne ya taru a jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciyarsu, ya fashe, jini ya daskare a wurin ya toshe hanya. Ƙarin da ya samo asali daga zuciyar kanta yana da wuyar samu ƙwarai, har binciken gawarwaki ya nuna bai kai mutum 1 cikin 1,000 ba, kuma kusan kashi 75 cikin 100 nasa ba kansa (ciwon daji) ba ne. Wanda ya bazu zuwa zuciya daga kansar huhu, ko ta mama, ko ta fata, ya ninka shi yawa sau 20 ko fiye.

Nau'in da aka fi sani a jikin manya shi ne miksoma. Kusan kashi 75 cikin 100 nasa yana tsirowa a ɗakin sama na hagu, maƙale da bangon da ya raba ɗakunan sama biyu, kuma ya fi kama mata masu shekara 30 zuwa 60. Duk da cewa ba kansa ba ne, haɗarinsa yana cikin laushinsa, saboda tsoka ce mai yauƙi da ke lilo da kowace bugawar zuciya, ta yadda ɓarɓashinta ko gudan jinin da ya daskare a kanta kan ɓalle ya bi jini. Yawanci ɓarɓashin yakan nufi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Shigarsa jijiyoyin zuciya ba ta cika faruwa ba, kuma masana suna danganta hakan da yanayin halittar wurin: bakunan jijiyoyin ƙanana ne, sun karkata daga babbar hanyar jini, sannan ƙyauren babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya yana kāre su a daidai lokacin da zuciya ke tunkuɗa jini waje. Idan ɓarɓashin ya samu shiga, sai tsokar da ke gaba ta rasa iskar oksijin ta fara mutuwa.

Nau'i na biyu, fibro'ilastoma, ƙarami ne mai gashi-gashi, ya fi zama a kan ƙyauren babbar jijiya, inda yakan iya leƙawa ya rufe bakin jijiyar zuciya lokaci-lokaci. Akwai kuma ƙarin da ke matse jijiyar daga waje.

Alamomin ba su bambanta da na sauran masu bugun zuciya ba, wato ciwon ƙirji, gumi da sarƙewar numfashi, shi ya sa ganewar ke wahala. Abin da kan sa likita zargi shi ne ganin mutum mai ƙarancin shekaru, marar hawan jini ko ciwon suga, wanda hoton jijiyoyinsa ya nuna su sumul in ban da wuri guda da ya toshe. Hoton eko na zuciya, wanda ake ɗauka ta hanyar amfani da sauti, shi ke bayyana ƙarin, musamman idan an zura na'urar ta maƙoshi. Bambance ƙari da daskararren jini yana da muhimmanci, domin maganin narkar da daskararren jini ba ya narkar da tsokar ƙari.

Maganin miksoma tiyata ce, kuma ba a son jinkirta ta. Likitan fiɗa Clarence Crafoord ne ya fara cire miksoma cikin nasara, da taimakon na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu, a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a shekarar 1954. Ba ta cika dawowa bayan tiyata ba, sai dai ga masu nau'in gado da aka sani da lalurar Carney, wadda aka bayyana a 1985, waɗanda ake ci gaba da duba su da eko tsawon rayuwarsu.