Daidaita nauyi da tasowa ga sabon mai nutso da busasshiyar riga

Busasshiyar riga tufa ce ta masu nutso da tukunyar iska, wadda ke rufe jiki daga wuya har tafin ƙafa, ruwa ba ya taɓa fata. Tana da roba mai kama wuya da wuyan hannu, da zip da ruwa ba ya ratsawa, a cikinta kuma mutum yana sanye da kayan ɗumi. Ana sa ta a ruwa mai sanyi, irin na tekun arewacin Turai da tafkunan Kanada, domin ruwa ya fi iska saurin janye zafin jiki kusan sau 25. Ana kuma sa ta a gurɓataccen ruwa. A Maradi, inda ruwan da aka fi sani shi ne Gulbi da tafkin Madarunfa, ba a saba ganinta ba. Mai gamuwa da ita galibi wanda karatu ko horon aikin ceto ya kai ƙasar sanyi ne.

Iskar da ke cikin rigar ita ke ɗumama jiki, ita ce kuma tushen duk wahalar sarrafa ta.

Tushen lissafin

Arkimidis na Sirakus, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna cewa ruwa yana tura abu sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Shi ya sa gora ke ɗauke masunci. Lita ɗaya ta iska a cikin riga tana ɗaga kusan kilo ɗaya. A 1662 Robert Boyle ya bayyana cewa iska tana tsukewa gwargwadon ƙaruwar matsi. Kowace mita 10 ta zurfin teku tana ƙara matsi na bar 1 (bar ma'aunin matsi ne, bar 1 kuma kusan matsin iskar da ke saman ruwa ne), don haka iskar riga takan koma rabi a mita 10, sulusi a mita 20, rubu'i a mita 30. Wajen hawowa sai lissafin ya juya: daga mita 30 zuwa 20 iskar tana ƙaruwa da sulusi kawai, amma daga mita 10 zuwa sama ninkawa take yi. Mitocin ƙarshe su ne masu haɗari.

Yawan dalma

Don ya iya nutsewa, mai nutso yana ɗaura dalma a ɗamara ko a aljihunan kayansa. Sabon shiga yakan so ya ƙara, don ya sauka ba wahala, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Wanda ya ɗauki rarar kilo 3 dole ya hura rarar lita 3 ta iska kafin ya tsaya cik a tsakiyar ruwa. Idan a mita 10 yake, wannan iskar za ta zama lita 6 kafin ya iso sama, tana yawo a rigar daga kafaɗa zuwa ƙafa duk lokacin da ya motsa. Dalmar da ya ɗauka don kada ya taso ita ce za ta sa ya taso da gudu.

Ana auna dalma da ƙarshen nutso, ba da farkonsa ba, saboda iskar shaƙa ma tana da nauyi. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da iska kusan kilo 3. Kafin ta sauko bar 50 mutum ya rage nauyi da fiye da kilo 2. Gwajin da ake yi shi ne: da tukunya a bar 50, falmaran mai iska (wadda mai nutso ke hurawa don daidaita tasowa) ba iska a cikinta, riga kuma da iska kaɗan, ya iya tsayawa minti 3 a mita 5 ba ya sama ba ya ƙasa. In ya nutse, a rage dalma kilo ɗaya-ɗaya. In ya taso, a ƙara.

Ruwan teku ya fi ruwan daɗi nauyi da kusan kashi 2.5 cikin 100. Wanda shi da kayansa suka kai kilo 100, ya gwada a ruwan daɗi irin na Madarunfa, zai ƙara kusan kilo biyu da rabi in ya shiga teku. Sauya kayan ɗumi zuwa masu kauri, ko tukunyar baƙin ƙarfe zuwa ta alminiyom, shi ma yana buƙatar sabon gwaji.

Bawul biyu

A ƙirji akwai bawul ɗin hurawa, haɗe da tukunya ta tiyo. A damtsen hagu akwai na fitarwa. Wajen sauka rigar tana matse jiki har ta bar shatin ja a fata, sai a danna na ƙirji kaɗan-kaɗan har matsin ya saki. Wajen hawowa a ɗaga kafaɗar hagu ta zama ita ce a sama, iskar ta sami hanyar fita, kuma a fara tun kafin a ji jiki yana tashi. Da yawa daga makarantun nutso suna koyar da hawowa kimanin mita 9 zuwa 10 a minti.

Malaman nutso sun rabu gida biyu. Wasu na cewa sabon shiga ya daidaita tasowa da riga kaɗai a ƙarƙashin ruwa, don kada hankalinsa ya rabu. Wasu na cewa a sa wa riga abin da zai hana matsi da sanyi, sauran a bar wa falmaran, wadda ta fi saurin sakin iska. Idan dalma ta yi daidai, iskar da ake gardama a kanta ba ta da yawa, bambancin hanyoyin biyu ma sai ya ragu.

Juyewa da maƙalewar bawul

In kai ya yi ƙasa, iska takan gudu zuwa ƙafafu, inda babu mafita, ta ja mutum sama a kife, wani lokaci har takalman iyo su suɓuce. Hawowa da gudu na iya jawo cutar kumfar naitirojin a jini ko rauni a huhu, musamman ga wanda ya riƙe numfashi. Mafita ita ce a naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, a wuntsila har kai ya dawo sama, a saki iska nan take. In bawul ɗin ƙirji ya maƙale yana ta hurawa, a cire tiyon. In hakan bai isa ba, a ja robar wuya ko ta hannu iska ta fita, ko da ruwan sanyi zai shiga. Waɗannan dabaru ana koyon su ne a ruwa marar zurfi, gaban malami, a kwas na musamman irin wanda ƙungiyar horar da masu nutso ta PADI ke bayarwa, ana maimaitawa da safar hannu masu kauri, tunda da su za a yi a ruwan sanyi.