Ƙamusun da ya tsaya a harafin P: waiwaye kan rigimar kalmomi a Yukren

Tun da yaƙi ya yi ƙamari a 2022, mutane da yawa a Yukren suka ajiye Rashanci suka koma harshen iyayensu, kuma da komawar sai wata gardama ta taso a tsakaninsu: wace kalma ce tamu, wace ce aro? In za a ambaci sashen koyarwa a jami'a, wannan ya ce kafedra, wancan ya ce a'a, katedra ce ta gado. Ƙa'idojin rubutu da aka sabunta a 2019 sun halatta duka biyun, amma hakan bai kashe wutar ba. Mai kallo daga nesa zai ɗauka zafin yaƙi ne ya haifi maganar. Ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma rayuwar wata mata mai suna Mariya Hrinchenko ta ratsa ta tsakiyarta.

An haife ta a garin Bohodukhiv a 1863, shekarar da aka taƙaita buga littattafan ilimi da na addini da harshen Yukren a daular Rasha. A 1876 aka ƙara ɗaure igiyar. Wannan babin kowa ya san shi. Mariya ta yi karantarwa, ta auri malami Borys Hrinchenko a 1884, suka zauna a ƙauyen Oleksiyivka, daga baya Chernihiv, suna rubuta waƙoƙi da tatsuniyoyi da karin magana daga bakin manoma, suna buga ƙananan littattafai masu araha. Ita da sunan Zahirnya take sa hannu a nata rubutun. A 1902 suka koma Kyiv domin haɗa ƙamusun harshen Yukren, wanda ya fito juzu'i huɗu tsakanin 1907 da 1909 da kalmomi kusan 68,000. Sunan mijin ne a bango, amma ita ma ta ƙarar da idanunta a kan katunan, tana kwafa tana jerawa.

Abin lura a ƙamusun nan shi ne inda yake samo hujja. Ka buɗe kalma, za ka tarar da baitin waƙa ko karin magana a ƙarƙashinta, sau da yawa har da gundumar da aka ji ta. Bakin mutane ne alƙali. Ana cikin bugawa 'yarsu tilo Nastya ta rasu a 1908, jikansu ya bi ta, Borys ya cika a Italiya a 1910. Mariya ta rage ita kaɗai da akwatunan takardu, kuma ba ta rufe su ba.

Inda nake so a dakata shi ne abin da ya biyo baya, domin nan ne ake yawan tsallakewa. Bayan an kafa Cibiyar Kimiyya ta Yukren a 1918, aka ɗauko babban aiki: ƙamusun Rashanci zuwa harshen Yukren. Mariya na cikin waɗanda suka tsara shi, tare da Vsevolod Hantsov da Hryhoriy Holoskevych, ƙarƙashin jagorancin Ahatanhel Krymsky, daga baya da Serhiy Yefremov. Juzu'in farko ya fito a 1924. Irin wannan ƙamus ba kayan ado ba ne. Shi akawu ke buɗewa in zai rubuta wasiƙar ofis, shi ɗan jarida da mai fassara da malamin makaranta ke dubawa, domin yawancinsu da Rashanci suka yi karatu. Duk kalmar da ya ba su, ita za ta shiga littafin yara. Masu aikin sun bi hanyar da Mariya ta saba da ita: kalmar Rashanci guda sai a jero mata takwarori da dama, a kawo misali daga adabi da maganar karkara, a bar mai rubutu ya zaɓa.

Mariya ta rasu a Kyiv a 1928, aikin bai kammala ba. Ba ta ga abin da ya same shi ba. A 1930 aka gurfanar da Yefremov da Hantsov da Holoskevych a wata babbar shari'a a Kharkiv, aka ɗaure su. A 1933 aka ce ƙamusun yana nesanta harshen Yukren da Rashanci da gangan, aka janye shi daga hannun jama'a. Juzu'i na huɗu, daga harafin R zuwa ƙarshe, bai taɓa fitowa ba.

A shekarar nan kuma aka sauya ƙa'idojin rubutu na 1928, har aka cire harafi guda cur daga abacada, wato ґ mai sautin g. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. A ɗauke mana ƙugiyar ƙ a wayi gari kafa da ƙafa sun zama abu ɗaya a takarda. Haka ta faru da su: graty, ƙarafunan tagar kurkuku, da hraty, yin wasa, suka koma rubutu ɗaya. Sai a 1990 harafin ya dawo. Bayan 1933 aka riƙa fitar da jerin kalmomin kimiyya da fasaha, ana zare na gida ana sa waɗanda suka fi kama da na Rashanci. Ƙamusun da aka buga a 1948 har laƙabi mutane suka yi masa, wai na Rashanci zuwa Rashanci.

A ganina wannan ya fi hanin 1863 da na 1876 barin tabo. Hani daga waje yake zuwa, kowa ya gan shi, kuma tsohuwa a ƙauye tana ci gaba da waƙarta yadda ta gada. Amma in aka gyara ƙamus, yaro zai tashi da harshensa a baki da littafinsa a hannu, bai san an tace masa shi ba. Haka aka yi ta yaye ɗalibai fiye da shekara hamsin. Shi ya sa yau idan aka dawo da tsohuwar kalma, dattijuwar da ta yi rayuwarta tana koyar da harshen sai ta ji ta baƙuwa, ta ce ƙirƙira ce, jikanta kuma ya ce tata ce aron. Kowanensu da littafin da yake dogara da shi, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

An mayar da juzu'ai ukun da suka tsira zuwa kwamfuta, masu fassara da editoci suna buɗe su a intanet idan gardama ta kaure. Suna samun amsa daga A har zuwa P. Wanda kalmarsa ta fara da R sai ya nemi wani littafin.